Zafin Hayaniya: Yadda Ake Auna Ƙarar da Na'urar Rediyo Ke Haifarwa da Kanta

Gabatarwa

Da wuya a sami wani kayan zamani da ya shiga rayuwar Bahaushen ƙauye kamar yadda akwatin rediyo ya shiga. Rediyon waya da aka kafa a Kano cikin 1944 bai wuce birni ba, domin sai inda aka ja waya ake jin sa. Amma da ƙananan akwatuna masu aiki da batir suka yawaita, sai ga manomin Balan ko na Kademi a ƙasar Gaya, da na Toranke a ƙasar Ajingi, yana zaune bakin gonarsa yana sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe cikin 1957, ko Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki cikin 1962. Duk wanda ya taɓa murɗa akwati yana neman tasha kuwa ya san ba a samun shiru tsakanin tasha da tasha. Akwai wata ƙara mai kama da zubar yashi cikin kwano, wadda ba ta da mai magana, ba ta kuma yankewa. In tasha ta yi ƙarfi sai ta danne ta, in ta yi rauni sai ƙarar ta haɗiye ta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin wannan ƙara, da dalilin da ya sa masana ke auna ta da ma'aunin zafi, da kuma yadda ake yin awon. Dalilin kawo irin wannan batu cikin mujallar harshe shi ne, jikokin waɗancan manoma yau suna sayen farantin satalayit, wanda masu haɗa shi ke ce wa dish, da 'yar na'urar da ake ɗaurawa a gabansa mai suna LNB. A jikin kwalinta akan rubuta 17K ko 0.1 dB, mai sayarwa ya ce wadda lambarta ta fi ƙanƙanta ita ta fi kyau, a biya kuɗi a kan haka, alhali mai saye da mai sayarwa babu wanda aka taɓa yi wa bayanin lambar da harshen da yake tunani da shi.

Matsalar suna

Hausa ba ta rasa kalmomin sauti ba. Akwai amo, kamar na ganga ko kalangu. Akwai ƙara, wadda ta dogara ga ƙarfi. Akwai tsuwwa, irin ta ɓera. Akwai ƙugi da gurnani da rugugi. Sa'an nan akwai surutu da hargowa da hayaniya, waɗanda galibi na taron mutane ne. Masu sauraro su kansu sun fi dogara ga amsa-kama. Sukan ce akwati yana shuu, ko yana ƙas-ƙas, in kuwa tasha ta fito sai su ce ta kama garau.

Abin da injiniya ke nufi ya fi duk waɗannan faɗi, domin ba lalle ne a ji shi da kunne ba. A tsohon akwatin talabijin ɗige-ɗige ne fari da baƙi, a wayar hannu kuwa yankewar magana ne. A ganina hayaniya ce ta fi dacewa da shi. In mutum ya tsaya nesa kaɗan da kasuwar Gaya tana ci, abin da ke isa kunnensa muryoyi ne na ɗaruruwan mutane, kowa da abin da yake faɗi, amma gamayyarsu ba ta da tsari, ba ta da ma'ana, tana kuma hana shi jin na kusa da shi. Rashin tsari da hana jin saƙo su ne ainihin sifofin abin da muke magana a kai.

Kalma ta biyu ta fi wuya. Bahaushe yana da zafi da ɗumi, yana kuma da sanyi da ɗari, har ya bambanta sanyin damina da ɗarin hunturu. Ga masanin kimiyya kuwa abu ɗaya ne kawai ake aunawa, watau zafi, sanyi kuma ƙarancinsa ne. Saboda haka dole mai karatu ya yi haƙuri da jimloli irin su "zafin ƙanƙara", waɗanda kunnen Bahaushe zai so ya ƙi. Sai dai an yi dace ta wani gefen. Zafi a Hausa yakan ɗauki ma'anar tsanani, kamar a zafin ciwo da zafin nema, don haka wanda ya ji "zafin hayaniya" bai san kimiyya ba zai fahimci tsananin hayaniya ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Su kuwa igiyoyin da satalayit ke amfani da su, ma'aikatan gidajen rediyo sun riga sun share mana hanya tun da suka ari zango daga bakin fatake, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango. Rediyon Kaduna ya daɗe ana kama shi a kan mita 49, watau tsawon igiya ɗaya ke nan. Igiyar satalayit ba ta kai taƙi guda ba, wata santimita 7 da rabi, wata 2 da rabi. Zan kira wannan mitsitsin zango.

Daga maƙera zuwa waya

Labarin baka na Kano ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala, daga Gaya kakansu ya taso yana neman tama. To, maƙeri shi ne ya fi kowa saukin fahimtar tushen wannan ilmi. Ba ya sa ma'auni cikin wuta. Launin ƙarfe yake dubawa: in ya fara ja ya san inda aka kai, in ya yi jawur ya san lokacin duka ya yi, in ya doshi fari ya san ya kusa ƙonewa. Ƙarfe yakan fara nuna ja ne in ya haura digiri 500 da 'yan kai. Amma tun kafin ido ya ga kome, in maƙeri ya kai shi kusa da kumatunsa zai ji hucinsa. Ashe ƙarfe yana fitar da wani abu tun yana baƙi.

Abin da kimiyya ta ƙara a kan sanin maƙeri shi ne, kowane abu yana fitar da irin wannan huci gwargwadon zafinsa, kuma wani ɓangare na hucin yana faɗawa cikin zangon rediyo. Katangar ƙasa tana fitarwa, ɗorawa tana fitarwa, sa da mai shi duk suna fitarwa. Haka nan a cikin kowace waya akwai ƙwayoyin lantarki marasa adadi waɗanda zafi ke hana su zama wuri ɗaya. Kullum suna kai da kawowa ba tsari, ko da ba a haɗa wayar da batir ba. Wannan motsi nasu shi kansa lantarki ne, ɗan mitsitsi ƙwarai, kuma idan na'ura ta ƙara masa ƙarfi sau dubbai shi ne shuu ɗin da ake ji. Su ne 'yan kasuwar da muka ambata.

John B. Johnson, wani ma'aikacin ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, shi ya fara auna wannan cikin 1926, abokin aikinsa Harry Nyquist kuma ya fito da lissafinsa. Cikin 1928 suka buga sakamakonsu. Abin mamaki cikin abin da suka gano shi ne sauƙinsa. Ƙarfin hayaniyar da za a iya ɗiba daga waya bai dogara ga irin abin da aka yi ta da shi ba. Abu biyu kaɗai ya dogara gare su: zafin wayar, da faɗin ƙofar da na'ura ta buɗe don saurare. In an ninka zafi hayaniya ta ninku, in an ninka faɗin ƙofa ta ninku. Injiniyoyi suna rubuta shi kTB, inda T ke tsaye a madadin zafi, B faɗin ƙofa, k kuwa wata ƙayyadaddiyar lamba ce mai sunan Ludwig Boltzmann.

Amma sai an fara ƙirga zafin daga inda ya dace. Ma'aunin da likita da mai hasashen yanayi ke amfani da shi ya sa sifiri a inda ruwa ke daskarewa, alhali ƙwayoyin cikin ƙanƙara suna nan suna motsi. Ma'aunin Kelvin, wanda ya samo asali cikin 1848, ya sa nasa sifirin a digiri 273 ƙasa da haka, inda zafi ya ƙare ɗungum. A wannan ma'auni ƙanƙara tana da 273, jikin mutum 310, tafasasshen ruwa 373, azahar ɗin watan Afrilu a ƙasar Kano, in ta kai digiri 40, ta zama 313. Harafin K da ke jikin kwali shi ke nan.

Yanzu ana iya faɗin ma'anar zafin hayaniya. In na'ura tana haifar da hayaniya, sai a tambaya: wane zafi za a kai waya zalla kafin ta ba da hayaniya daidai wannan? Amsar ita ce zafin hayaniyar na'urar. Lalle mai karatu ya lura ba zafin jikinta ake nufi ba. LNB na iya yini cikin rana har ta gagari taɓawa, zafin hayaniyarta bai wuce 50 ba. Auna abu da ma'aunin wani abu ba baƙo ne gare mu ba. In an tambayi dattijo nisan wani gari ya ce tafiyar kwana uku ce, nisa ya auna da lokaci, kuma kowa ya gane, ko da mai tambayar a mota zai tafi.

Hayaniyar waje

Ba dukan abin da manomin Balan ke ji ne ke fitowa daga cikin akwatinsa ba. A matsakaicin zango da gajere, mafi yawansa daga waje yake. Kowace walƙiya tashar rediyo ce ta ɗan lokaci, wadda ke watsa ƙara a kan zanguna masu yawa gaba ɗaya, kuma a faɗin duniya ana yin walƙiya fiye da sau 40 a kowace daƙiƙa, mafi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu. Shi ya sa da bazara ta ƙare, tun hadari bai taso a Gaya ba, akwati ke fara ƙas-ƙas da dare. Walƙiyar kudu yake ji. Tsakanin 1957 da 1961 an kafa tashoshi 16 a sassan duniya don auna wannan hayaniya, ɗaya daga cikinsu a Ibadan, kuma da abin da suka tara ne Hukumar Sadarwa ta Duniya ta zana taswirarta. In aka mai da ita ma'aunin Kelvin, hayaniyar daren damina a matsakaicin zango ta haura miliyoyi nesa ba kusa ba. Yau kuma an ƙara mata ta janareto da fulogin babur da cajar waya da na'urar sola. Cikin irin wannan hali, ko akwati ya ƙara ɗari biyar ko dubu na kansa, babu mai lura.

Akwai kuma wadda ta fi walƙiya nisa. Cikin 1932 Karl Jansky, shi ma na kamfanin Bell, yana binciken abin da ke dagula wayar tarho ta ƙetaren teku, sai ya rarrabe iri uku: hadarin kusa, hadarin nesa, da wani shuu mai dawowa bayan kowace awa 23 da minti 56. Wannan lissafin taurari ne, ba na rana ba. Daga tsakiyar farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata yake fitowa. Nan ilmin sauraron taurari ya fara, kuma Nijeriya tana da hannu a cikinsa: cikin 1965 Samuel Okoye, yana ɗalibi a Kambirij ta Ingila, shi da malaminsa Antony Hewish suka ba da labarin wani ɗigo a sama mai zafin hayaniya fiye da kima, wanda daga baya aka gane wani irin tauraro ne mai bugawa kamar zuciya.

Muhimmin abu shi ne, yayin da zango ke ƙara gajarta, hayaniyar walƙiya da ta taurari suna raguwa da sauri. In an kai mitsitsin zango sama ta yi tsit, zafin hayaniyarta a ranar da gari ya yi garau bai wuce 10 zuwa 20 ba. A nan ne fa hayaniyar na'ura ta kanta ke zama ita ce babba, auna ta kuma ya zama dole.

Yadda ake awon

Waɗanda suka ga zamanin dalar gyaɗa sun san malamin sikeli yakan cire nauyin buhu kafin ya rubuta nauyin gyaɗa. Hayaniyar na'ura ita ce buhun. Sai dai matsalar injiniya ta ninka ta malamin sikeli sau biyu. Ba ya iya ɗora buhu wayam, domin babu abin da zai haɗa da bakin na'ura wanda zafinsa sifiri ne. Sa'an nan lambobin sikelinsa sun goge, domin bai san ainihin sau nawa na'urar ke ƙara ƙarfin abin da ya shiga ba. Abin da kawai yake iya gani shi ne nisan da allura ta yi.

Dabarar ita ce a yi awo biyu da kayan da aka riga aka san nauyinsu. A ce an zuba 77 cikin buhu, allura ta yi taƙi ɗaya. Aka juye aka zuba 290, allura ta yi taƙi biyu. Bambancin kayan biyu 213 ne, shi ya kawo ƙarin taƙi ɗaya, saboda haka kowane taƙi 213 ke nan. To, awon farko ya nuna taƙi ɗaya, watau 213, alhali 77 kaɗai aka zuba. Ragowar 136 nauyin buhu ne. An san shi ba tare da an taɓa ɗora shi shi kaɗai ba.

Haka ake yi a ɗakin awo, ba ƙari ba ragi. Akan haɗa bakin na'ura da wata 'yar waya da aka tsoma cikin ruwan naitirojin, watau iskar da ta fi yawa cikin wadda muke shaƙa, in an sanyaya ta har ta zama ruwa. Zafinsa 77 ne. A rubuta ƙarfin hayaniyar da ta fito. Sa'an nan a haɗa shi da wata irinta da ke cikin zafin ɗaki, a sake rubutawa. A raba na biyu da na farko, abin da ya fito mu kira shi ninki. A littattafan injiniyoyi harafin Y ne. Lissafin a taƙaice shi ne: a ninka zafin mai sanyin da ninki, a ɗebe daga zafin mai ɗumin, a raba abin da ya rage da ninki bayan an cire masa ɗaya. A misalinmu, 77 sau 2 shi ne 154, a ɗebe daga 290 saura 136, a raba da 1.

Na'ura mai kyau ninkinta babba ne, domin buhunta ba nauyi. Mai yawan hayaniya kuwa ninkinta yakan matso kusa da 1. In tata 3,000 ce, awon biyu za su zama 3,290 da 3,077, bambancin da ƙyar allura za ta nuna shi. Don haka ga irin waɗannan akan yi amfani da wata 'yar na'ura da aka ƙera musamman don haifar da hayaniya sananniya, wadda in an kunna ta take ba da kusan 10,000, in an kashe ta ta koma zafin ɗaki. Wata wahalar kuma ita ce allura ba ta tsayawa cik, tun da abin da ake aunawa ba shi da tsari. Sai an daɗe ana duba an ɗauki matsakaici, kuma in ana so a rage shakka da rabi sai an ninka lokacin sau huɗu. Kafin nan na'urar da kanta ta ɗan sake hali. Robert Dicke ya magance wannan cikin 1946 da makunni mai juyawa tsakanin kayan biyu sau da yawa cikin daƙiƙa.

Akwai wani abu game da lambar nan 290 da ya shafe mu kai tsaye. Harald Friis ne ya yi amfani da ita cikin 1944 a matsayin zafin ɗaki, aka kuma karɓe ta a duniya. Digiri 17 ke nan a ma'aunin yau da kullum. Wannan ɗakin Turai ne ko na arewacin Amurka. A ƙasar Gaya sai da hunturu ake samun irinsa. A ce ɗalibi a Wudil ko Kano yana awo cikin ɗaki mai digiri 37, watau 310, na'urar kuma ainihin hayaniyarta 100 ce. Awonsa zai zama 410 da 177, ninki 2.32. In ya ɗauki 290 daga littafi ya sa cikin lissafi maimakon ya duba ma'aunin da ke rataye a bango, 85 zai samu. Ya yabi na'urar da kashi 15 cikin ɗari fiye da haƙƙinta, lissafinsa kuma daidai ne tun daga farko har ƙarshe. Ba na jin akwai misalin da ya fi wannan nuna haɗarin ɗauko ilmi daga wata ƙasa ba tare da tambayar yanayin da aka rubuta shi ba.

Faranti a tsakar gida

Tauraron ɗan Adam na talabijin yana tsaye ne kimanin kilomita 35,800 bisa tsakiyar duniya. Abin da ƙaramin faranti ke tarawa daga tauraro mai ƙarfi bai wuce kashi 1 cikin miliyan sau miliyan na wat ɗaya ba. In jimlar zafin hayaniya, na sama da na ƙasa da na LNB, ya kai 100, saƙon ya fi hayaniyar kamar sau 20, hoto kuma ya fito tangaran. Duk cinikin a kan wannan rata yake. Ana iya faɗaɗa ta ta hanya biyu: a ninka girman fuskar faranti, ko a rage zafin hayaniya da rabi, sakamakon ɗaya ne. Tashar Lanlate da Nijeriya ta buɗe cikin 1971 farantinta ya kusa mita 30, kuma tashoshin wancan zamani sukan sanyaya na'urarsu ta farko ƙwarai don rage mata hayaniya. Abin da ya kawo faranti gidan talaka, baya ga ƙarin ƙarfin taurarin, shi ne wani irin tiransisto mai ƙarancin hayaniya da Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ya ƙirƙiro wajen 1980.

Me ya sa ake ɗaure LNB a waje, rana da ruwa su yi ta dukanta, ba a ajiye ta a ɗaki kusa da risiba ba? Friis ya ba da amsa. In sarki ya yi magana a hankali, sanƙira ya ɗaga, wasu kuma suka ƙara ɗagawa har ƙarshen taro, kuskuren da ya fi ɓarna shi ne na wanda ya fara ji, domin duk na bayansa kuskurensa za su yi ta ɗagawa. LNB tana ƙara ƙarfin saƙo kamar sau 100,000 ko fiye, don haka ko risiba tana da hayaniya 1,000, abin da ta ƙara a jimla kashi 1 cikin 100 na digiri ɗaya ne. Amma in aka sa doguwar waya a gaba, wadda ke cinye rabin saƙo, ita kanta za ta zuba hayaniya 300, ta kuma ninka nauyin ta LNB, sai 50 ta koma 400.

Da wannan ake gane abin da ke faruwa da damina. Mutane sukan ce hadari ya tare tauraro, kuma gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Duk abin da ke shanye igiya yana kuma fitar da hayaniya gwargwadon zafinsa. Ruwan da ya cinye rabin saƙo zai zuba kimanin 140 na kansa, jimla ta tashi daga 100 zuwa kusan 240. Saƙo ya ragu da rabi, hayaniya ta ninku fiye da sau biyu, ratar 20 ta koma 4 da ɗan kai, sai hoto ya daskare ya farfashe. Manyan farantai masu kama igiyar santimita 7 da rabi sun fi jure wannan, domin ruwa bai cika shanye ta ba. Ƙurar hunturu kuwa, duk da tana rufe rana, illarta kaɗan ce. Reshen darbejiya ko katanga da ta shiga gaban faranti ita ma 300 take zubawa. Shi kuwa farantin, duk zafin da yake yi da azahar, kusan ba ya ƙara kome, domin ƙarfe mai santsi mayar da igiya yake yi, ba ya shanye ta. Sau biyu a shekara kuma, cikin Maris da wajen ƙarshen Satumba, rana takan bi ta bayan tauraro daidai, ta zuba dubban digiri cikin faranti, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci kwana da kwanaki a jere. Babu abin da ya lalace, bai kuma kamata a biya kowa kuɗin gyara ba.

Sai mu koma ga kwali. Lambar dB wata hanya ce ta faɗin abu ɗaya: dB 3 daidai yake da 290, dB 1 da 75, rabin dB da 35, 0.1 kuwa da 7 kacal. Masu sauraron taurari sai sun sanyaya na'urarsu ƙasa da ruwan naitirojin nesa kafin su sami irin wannan a wannan zango. Saboda haka in an ga 0.1 a jikin 'yar na'urar da za ta yini cikin ranar Ajingi, a ɗauke shi kirarin mai talla. Nagartattu daga cikinsu sukan faɗa tsakanin 35 da 60.

Mai haɗa faranti da ke da mita mai nuna ƙarfi da dB yana iya gwadawa da kansa, domin kayan awo biyu suna nan kyauta. Ya cire LNB daga faranti, ya fita fili inda babu itace ko gini, ya fuskantar da ita sama inda babu tauraro ko rana. Wannan shi ne mai sanyi, kimanin 15. Lokacin ɗari ya fi dacewa, saboda bushewar iska. Sa'an nan ya fuskantar da ita ƙasa, watau 300. In hayaniyarta 50 ce, 350 ne a kan 65, ninki 5 da ɗan kai, mita ta tashi da dB 7. In da gaske 7 ce, da ninkin ya kai 14, mita ta tashi da fiye da dB 11. Awon ba na ɗakin bincike ba ne, amma ya isa a jera uku a san wadda ta fi.

Wannan sanyin sama shi kansa yana da labari. Cikin 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna auna hayaniyar wata babbar eriya mai siffar ƙaho a Holmdel ta Amurka, kayansu mai sanyi kuwa ruwan hiliyom ne, wanda zafinsa 4 ne. Suka lissafa rabon iska da na ƙasa da na na'ura, sai 3.5 ya yi saura, dare da rana, kowace fuska suka juya. Suka sake ɗaure mahaɗai, suka kori tantabarun da suka yi sheƙa ciki, suka share kashinsu, ragowar tana nan. Cikin 1965 suka buga sakamakon, masana kuma suka fassara shi da cewa saura ne na zafin farkon sararin samaniya. Cikin 1978 aka ba su kyautar Nobel. Awon da aka yi daga baya ya tsayar da shi a kan 2.7. Daga cikin 15 ɗin nan da mai haɗa faranti zai samu a sararin Balan, kusan 3 nasa ne.